Hajiya Hamsu Garba, ƴar Maraɗi: muryar da ta riga faifanta yawo

Ran 18 ga watan Disamba na 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar. Kwana bakwai bayan haka, watau ran 25 ga wata, aka haifi wata yarinya a birnin Maraɗi, wadda daga baya jama'ar ƙasa suka sani da sunan Hamsu Garba, waɗansu kuma su ce Habsu. Ita da jamhuriya tsara ne. Tare suka tashi, tare suka ga mulkin farar hula da na soja, kuma babu wani zamani a cikin waɗannan da bai bar alama a kan aikinta ba. Allah ya karɓi ranta a Yamai ran 5 ga Disamba na 2022, bayan ta yi jinya, tana da shekara 63.

Labarinta ya kamata mai karatu ya san shi, domin ya ƙunshi abu biyu masu nauyi. Na farko shi ne yadda mace mai ilmin zamani ta ɗauki sana'ar waƙa, ta tsaya a kanta har ƙarshen ranta. Na biyu shi ne yadda mawaƙiyar da duk ƙasa ta san muryarta ba ta samu fitar da kundin waƙoƙinta na farko ba sai da ta kai kusan shekara 50 a duniya.

Ƙasar da ta fito

Maraɗi gari ne na Katsinawa. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sarakunan Katsina na dauri suka yi arewa da jama'arsu, suka zauna a bakin gulbi wajen 1819, a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri kusa da su, a ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi. Kowace fada ta zo da makaɗanta da maroƙanta, da tambura da kakaki da algaita. Saboda haka tun asalin garuruwan nan biyu, kiɗa yana cikin sha'anin sarauta, kuma mawaƙi yana da wurin tsayawarsa a ƙofar fada.

Mata ma suna da nasu matsayi a wannan tsari. A Maraɗi akwai sarautar Iya, a Tibiri akwai ta Inna, kuma a al'adar gargajiya su ne shugabannin mata da na ƴan bori. Akwai kuma zabiya, watau mace mai waƙar yabo, wadda takan ɗaga murya a gaban sarki ko a gidan biki, ta jero asalin mutum da kakanninsa. A bayan waɗannan akwai waƙar da ba ta da maigida: waƙar daka da lugude, waƙar niƙa, gaɗar ƴan mata a dandali da farin wata, da kiɗan ƙwarya na matan aure a cikin gida, inda akan kifa ƙwarya a kan ruwa a buga ta da ƴan sanduna. Irin wannan ita ce waƙar karkara, wadda ake ji a ƙauyukan gulbi kamar Jiratawa, kudu da birni, inda manoman fadama suke noman rani.

A 1945 ambaliyar gulbi ta ci tsohon garin Maraɗi, aka tashi aka koma tudu. Sabon garin ya bunƙasa da cinikin gyaɗa da fataucin Alhazai tsakaninsa da Katsina da Kano. Inda kuɗi suke yawo kuwa, biki yakan yi armashi, mawaƙa su samu abin kai wa baka. A cikin wannan sabon gari aka haifi Hamsu Garba, ko da yake a Yamai ta yi aikinta, a can kuma sunanta ya fito.

Daga aji zuwa ofis

Tana yarinya aka sa ta lakkwal ta Faransanci. Daga baya ta koma makarantar da ake haɗa Faransanci da Larabci, irin wadda ake kira madarasa, inda ta samu sararin yin waƙa. Irin waɗannan makarantu na gwamnati sun fara ne a garin Sayi a 1957, domin iyayen da suke gudun lakkwal su samu inda ƴaƴansu za su koyi boko ba tare da sun bar karatun addini ba. Wannan haɗi ya bi ta har girma: ta iya harshen ofis, ta san na malamai, ga kuma Hausa da Zabarmanci da take waƙa da su.

Da ta gama karatu ta kama aikin ofis, ta yi aiki a ma'aikatar magajin garin Yamai. A wancan zamani mace mai albashi abar nunawa ce a unguwa. Waƙa kuwa, a idon mutane da yawa, sana'ar roƙo ce, ta gado, wadda ɗiyar mutunci ba ta shiga. Ga malamai kuma masu ganin bai dace mace ta ɗaga murya a gaban maza ba. Duk wadda ta fito fili da waƙa ta san za a yi da ita a bakin rijiya da wurin suna. Hamsu Garba ta riƙe aikin ofis, ta riƙe waƙa, ba ta saki ko ɗaya ba. Hausawa sun ce ba a gudu ana susar takashi, amma ita ta nuna ana iya zama ma'aikaciya da safe, mawaƙiya da marece, mutunci kuma bai zube ba.

Zamanin samariya

Ran 15 ga Afrilu na 1974 soja suka karɓi mulki daga hannun Diori Hamani, Seyni Kunce ya zama shugaban ƙasa. Sabuwar gwamnati ta hana jam'iyyu, ta farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa ta gargajiya, ta mai da ita hanyar isa ga talakawa. Kowace unguwa da kowane ƙauye suka samu samariyarsu da sarkin samarinsu. Su ne masu aikin gayya, da dashen itatuwa, da gina azuzuwa, su ne kuma masu wasa da waƙa ran sallar ƙasa. A 1975 aka kafa ƙungiyar matan Nijar. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwan jahohi, kowace jaha tana kawo gwanayenta na waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, ana gasa.

Wannan tsari ya canza matsayin waƙa a ƙasar. Da can mawaƙi ubangida yake nema, sarki ko attajiri. Yanzu sai ga ƴan makaranta da ma'aikata da ƴaƴan malamai sun hau dandamali da sunan aikin ƙasa, ba wanda ya isa ya ce musu maroƙa. Gidan rediyon ƙasa, wanda aka buɗe a 1958 aka kuma sa masa suna Muryar Sahel a 1974, yana ɗaukar waƙoƙin yana watsawa. Da talabijin ta ƙasa ta fara aiki sosai a 1979, sai fuskokin mawaƙan ma suka shiga gidaje. Ta wannan ƙofa, ta makaranta da ƙungiyoyin matasa, Hamsu Garba ta shiga waƙa. Ba ta bi ta ƙofar fada ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Dandamalin na gwamnati ne, rediyon na gwamnati ne, saboda haka waƙar da ake so ita ce ta haɗin kan ƙasa, da noma, da yaƙi da hamada, da yaƙi da jahilci, da yabon masu mulki. Mawaƙan zamanin sun koyi gwanintar isar da saƙo ga jama'a cikin harshe mai sauƙi, sun kuma saba da tsayawa kusa da hukuma. Abu biyun nan duka sun bayyana a rayuwar Hamsu Garba daga baya.

Ƙungiyar Annashuwa

Kunce ya rasu a 1987, Ali Saibu ya gaje shi. A 1991, daga ran 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, aka yi babban taron ƙasa a Yamai, wanda ya buɗe hanyar jam'iyyu da yawa. Samariya ta rasa gatanta, mawaƙan da suka tashi a inuwarta kuma ya zama dole kowa ya nemi tsayuwa da ƙafarsa. A wannan shekara ce aka kafa ƙungiyar Annashuwa, Hamsu Garba tana cikinta tun ranar farko, har sunanta da na ƙungiyar suka zama ba a raba su.

Salon irin wannan ƙungiya ya tsaya tsakanin gargajiya da zamani. Akwai jagora mai bayar da waƙa, akwai ƴan amshi, akwai makaɗa da ƴan rawa cikin anko. Ginin waƙar na gida ne, watau jagora ta faɗa a amsa mata, kamar yadda ake yi a dandali da wurin daka. Amma an tsara ta domin dandamali da lasifika da kyamara, da lokacin farawa da na gamawa. Mutumin ƙauye in ya ji ya san tasa ce, ma'aikacin birni kuma ba ya jin kunyar a gan shi yana saurare.

Abin da take waƙa a kai ya haɗa da soyayya da addini da zaman jama'a da siyasa. Ta yi waƙoƙin faɗakarwa a kan lafiya, har da ciwon sida, wanda aka fara ganinsa a Nijar a 1987, a lokacin da mutane da yawa ba su yarda su ambaci sunansa a fili ba. A ƙasar da mafi yawan manya ba su iya karatu ba, takardar likita ba ta wuce bangon da aka manna ta. Waƙa kuwa tana shiga har ɗakin da ma'aikacin lafiya ba ya shiga, matar da ke tsare a gida ta ji ta tana tankaɗe. Dalili ke nan da hukumomi da ƙungiyoyi suke neman mawaƙa irinta in suna da saƙo.

Aikinta ya kai ga masu bincike ma sun kula da shi. A 2005 Farfesa Usaina Alidu, ƴar Nijar mai koyarwa a jami'a a Amurka, ta fitar da littafi a kan matan Musulmi na Nijar da yadda suke neman wa kansu wuri a zamani, ta keɓe babi guda a kan rayuwar Habsu Garba.

Dalilin jinkirin faifai

Kundin waƙoƙinta na farko, mai suna Gargaɗi, ya fito a 2008, shekara 17 bayan kafa Annashuwa. Na biyu ya biyo baya a 2009, da suna na Faransanci, Tout est possible, watau kome mai yiwuwa ne. A 2011 tana shirin waɗansu biyu, ɗaya a kan mazajen tarihi, ɗaya kuma mai suna Auren Dole.

Mai karatu zai tambaya, yaya mawaƙiyar da ta daɗe haka a fage ta yi wannan jinkiri? Amsar tana cikin halin da sana'ar take ciki a ƙasar gaba ɗaya. A Nijeriya kamfanoni irin su EMI sun buga faya-fayan garmaho na su Mamman Shata tun da daɗewa. Nijar ba ta samu irin waɗannan kamfanoni ba. Shekaru da yawa babban wurin ɗaukar murya shi ne gidan rediyon ƙasa, abin da aka ɗauka kuma yana zama a kan zaren gidan, a sa shi in an ga dama. Wanda yake son faifai mai kyau sai ya ƙetare iyaka, ya kuma samu mai zuba masa kuɗi. Sa'adu Bori, shi ma ɗan Maraɗi, sai a 1994 muryarsa ta fita kasuwar duniya, a faifan da suka yi tare da Musa Pusi.

Sa'an nan ga sha'anin kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kafin a jima ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma, domin yana da araha, rediyo mai batir kuma yana juya shi ko a ƙauyen da babu lantarki. Amma saukin da ya sa ya yaɗu shi ne ya cuci mawaƙa. Mai rumfa a kasuwa yakan sayi kaset ɗaya, ko ya ɗauka daga rediyo, ya juye shi sau ɗari ya sayar, mai waƙa bai ga ko dala ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Dokar kare haƙƙin masu fasaha ta fito a 1993, aka kuma kafa ofishin kula da wannan haƙƙi a 1995, amma kafin a shawo kan masu juye kaset sai ga faifan CD, bayansa kuma ga wayar hannu, inda waƙa take tashi daga waya zuwa waya a kyauta.

Saboda haka abincin mawaƙi a Nijar yana wurin biki da suna da taron siyasa da kwangilar faɗakarwa, inda ake biyansa a take, a kuma yi masa kari a goshi. Faifai kashe kuɗi ne wanda ba lalle ya mayar da uwa ba. Amfaninsa na wani waje ne: yana tsare waƙa yadda mai ita ya so ta, da sunansa a kai, da shekarar da aka yi ta. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, gwanar amada da ta rasu a 2013, da Fati Nijar, wadda ita ma a Maraɗi aka haife ta amma ta yi sunanta a Kano, sun samu kasuwa mai faɗi a ƙetaren iyaka. Hamsu Garba a gida ta tsaya, ta yi aiki da abin da gida yake da shi.

Sunan Auren Dole kuwa ya taɓa wani miki da jahar haihuwarta ta sani sarai. Binciken da aka yi a ƙasar a 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata an yi musu aure kafin su cika shekara 18, jahar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda abin ya fi yawa. Yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗaki ta rasa irin damar da ita Hamsu ta samu.

Rediyo da gidan kaso

Bayan babban taron ƙasa, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa daga 1994. Hamsu Garba ta shiga wannan fage ma, tana gabatar da shiri a gidan rediyon Turaki FM a Yamai, inda take haɗa hira da waƙa. Ta kuma fito fili ta nuna ɓangaren da take bi a siyasa, watau na Hama Amadu, tsohon firaminista, shugaban jam'iyyar Lumana.

A watan Nuwamba na 2015 Hama Amadu ya komo daga Faransa, aka kama shi a filin jirgin sama, aka tsare shi a gidan kason Filinge, alhali yana takarar shugaban ƙasa. Ana gab da zaɓen ran 21 ga Fabrairu na 2016, Hamsu Garba ta yi waƙa inda ta kamanta shi da Nelson Mandela na Afirka ta Kudu, wanda ya yi shekara 27 a kurkuku kafin ya zama shugaba. Ta kuma yi hasashen cewa Shugaba Mahamadu Isufu zai gamu da abin da Goodluck Jonathan na Nijeriya ya gamu da shi a 2015, watau faɗuwa zaɓe yana kan kujera. Hukuma ta zarge ta da zuga jama'a su bijire, aka tsare ta a gidan kason Yamai kimanin kwana 10, a cikin watan na Fabrairu, sa'an nan aka sake ta. Tana da shekara 57 a lokacin.

Hasashen bai tabbata ba. A zagaye na biyu, ran 20 ga Maris, ƴan adawa suka ƙaurace wa zaɓe, Mahamadu Isufu ya ci da fiye da kashi 92 cikin 100. Amma abin da ya faru ya nuna nauyin da waƙa take da shi a ƙasar. Ba a kulle mutum saboda maganar da ba mai jin ta. Ya kuma nuna tsadar da mawaƙin siyasa yake biya: magoya bayan wani ɓangare suka ɗauke ta jaruma, na ɗaya ɓangaren suka ga ta wuce gona da iri. Mawaƙiyar da ta fara a zamanin da murya ɗaya ake so a ji, ta ga zamanin da aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, ta kuma ɗanɗana iyakar wannan izini da jikinta.

Abin da ya rage

Kundi biyu ko huɗu ba su isa su ɗauke aikin shekaru masu yawa ba. Sauran waƙoƙinta suna warwatse: a zaren gidan rediyo da talabijin, a tsofaffin kaset cikin akwatunan mata a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, a wayoyin mutane, da abin da masu sonta suka ɗora a YouTube. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. In ya kwana shekaru a ajiye sai ya manne ko ya tsinke, na'urar juya shi ma tana ƙara wuyar samu.

Ƙasar ba ta rasa wuraren da aikin adanawa ya rataya a wuyansu ba. Akwai cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968. Akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989. Akwai ma'ajiyar gidan rediyon ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a tattara waƙoƙin, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan kowace waƙa da shekararta da sunayen makaɗa da ƴan amshin da suka yi ta, tun waɗanda suka san abin suna raye, a kuma tabbatar magada sun samu haƙƙinsu. Tun 1987 ake tunawa da Ɗan Gurmu na Tawa ta hanyar gasar da aka sa wa sunansa, mawaƙan mata ma sun cancanci irin wannan.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su ma suna da rabonsu a wannan aiki, kuma ba ya bukatar kuɗi. Duk wanda ya iya rubutu da Hausa, yana kuma da tsohuwa a gida mai waƙar daka ko ta niƙa ko ta gaɗa, ya samu littafi da alƙalami ya zauna kusa da ita, ya rubuta abin da ta rera, da sunanta da garinta da ranar da ya rubuta. Hamsu Garba ta samu rediyo da faifai, duk da haka ana fargabar ɓacewar wani sashi na aikinta, balle zabiyar ƙauye da ba a taɓa ɗaukar muryarta ba.

Allah ya jiƙan Hajiya Hamsu Garba, ya gafarta mata, ya ba iyalinta da abokan aikinta haƙuri. Amin.